Christian Okoye da tarihin fulbak a ƙwallon zari-ruga ta Amurka

A kakar wasa ta 1989 babu ɗan wasan da ya kai Christian Okoye gudu da ƙwallo a duk faɗin NFL, babbar gasar zari-ruga ta Amurka. Sau 370 ƙungiyarsa ta Kansas City Chiefs ta danƙa masa ƙwallo a wasanni 15, ya ci yadi 1,480 da ita, ya tsallaka layin ƙarshe sau 12. Haifaffen Inugu ne, kuma sai da ya shekara 23 a duniya sannan ya fara sa hular kwanon wannan wasa. Gurbin da yake bugawa shi ake kira fulbak. Tun daga wannan shekara ba a ƙara samun fulbak da ya zo na ɗaya a gudu ba, kuma da wuya a ƙara samu, don aikin da Okoye ya tarar ya riga ya fara sauya kama tun kafin ya sauka a Amurka. Yadda baƙo ya hau wannan matsayi cikin shekara biyar, ya kuma sauka cikin uku, ba zai fito sarari ba sai an koma ga asalin gurbin.

Ga yadda wasan yake a taƙaice. Kowace ƙungiya mutum 11 take sakawa a fili mai tsawon yadi 100. Wadda ke riƙe da ƙwallo ana ba ta dama huɗu ta matsa gaba yadi 10. In ta cika, a sake ba ta huɗu, in ta gaza, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya tsallaka layin ƙarshe da ita ya ci maki 6. Matsawar kuwa iri biyu ce: ko a jefa ƙwallo ta sama wani ya cafe, ko a miƙa wa wani ya rungume ta ya kutsa cikin ƙarti. Tarihin fulbak kacokan labari ne na yadda ƙungiyoyi suka riƙa barin kutse suna komawa ga jifa.

Daga zari-rugar Ingila wasan ya samo tushe. Karawar farko tsakanin jami'o'i an yi ta ran 6 ga Nuwamba 1869, Rutgers da Princeton, amma ta fi kama da tamaular da muka sani. Sai a 1880 Walter Camp na jami'ar Yale ya sa aka rage 'yan wasa zuwa 11, aka kuma kafa ƙa'idar jeruwa a layi kafin a fara kowane hari. Masu tsayawa bayan wannan layi aka raɗa musu suna gwargwadon nisansu: na kusa kwatabak, na tsakiya hafbak, na can ƙurya fulbak. A lokacin, fulbak shi ne mai tsaron ƙarshe, kuma galibi shi ke dukan ƙwallo da ƙafa idan hari ya ci tura.

Wasan wancan zamani turmutsutsu ne zalla, ba jifa gaba, sai ture da danne. A 1905 kaɗai 'yan wasa aƙalla 18 suka rasa rayukansu, har Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton fadarsa ya ja musu kunne. A 1906 aka halatta jefa ƙwallo gaba don a warwatsa cunkoson. Sai dai an dabaibaye jifar da sharuɗɗa masu yawa, saboda haka shekaru da dama masu horarwa ba su amince da ita ba. Abin da suka amince da shi shi ne ƙato mai kafaɗa wanda zai sunkuyar da kai ya fasa tsakiya. Nan fulbak ya baro ƙurya ya matso gaba, ya zama ƙashin bayan hari. Ran 28 ga Nuwamba 1929 fulbak ɗin Chicago Cardinals, Ernie Nevers, ya ci maki 40 shi kaɗai a wasa guda, kuma har yau ba wanda ya kamo shi.

Wanda ya zama ma'aunin gurbin kuwa shi ne Bronko Nagurski, ɗan baƙin haure daga Gabashin Turai, da aka haifa a Kanada ya tashi a Minnesota. Ya shiga Chicago Bears a 1930 da nauyin da ya haura kilo 100, a zamanin da yawancin masu tsaron layi ba su kai shi ba. Tsoron kutsensa ne ma ya jawo sauyin doka. A wasan raba gardama na 1932, wanda tsananin sanyi ya sa aka buga a rufaffen ɗaki, Nagurski ya yi kamar zai kutsa, masu tsaron Portsmouth Spartans suka taru a kansa, sai ya ja da baya ya jefa wa abokin wasansa Red Grange. Spartans suka yi ta ƙorafin cewa bai ja baya yadi biyar ɗin da doka ta ce ba. Shekarar da ta biyo aka soke sharaɗin, aka ce a jefa daga ko'ina bayan layi. Abin mamaki, fulbak ne da hannunsa ya buɗe ƙofar da daga baya ta rage wa fulbak daraja.

Bayan yaƙin duniya na biyu gurbin ya kai ƙololuwa, kuma garin Cleveland ne ya fi kowa cin moriyarsa. A 1946 koci Paul Brown na Cleveland Browns ya ɗauki Marion Motley da Bill Willis, biyu daga cikin baƙaƙen fata huɗu da suka karya shingen wariya a wasan ƙwararru a wannan shekara. Da Browns za su je buga wasa a Miami a ƙarshen kakar, a gida aka bar su biyun, don dokar Fulorida ta hana baƙi da farare wasa tare, ga kuma barazanar kisa da aka aiko. A cikin fili, abokan karawa kan tattake wa Motley hannu da gangan, alƙalan wasa su kau da kai. Duk da haka ya gama rayuwar wasansa da matsakaicin yadi 5.7 a duk ɗauka, ya zo na ɗaya a NFL a 1950, kuma shi ne garkuwar kwatabak Otto Graham idan za a yi jifa. Motley ya nuna cewa mutum ɗaya na iya ɗaukar ƙwallo ya kuma tare wa wani.

Sai Jim Brown, shi ma na Cleveland, wanda da yawa ke ganin ba a taɓa yin kamarsa ba. Mutane kan manta cewa fulbak ne. Daga 1957 zuwa 1965 ya buga kaka tara, ya zo na ɗaya a takwas, ya tara yadi 12,312, bai taɓa fashin wasa ko ɗaya ba. A 1966, yana ɗan shekara 30, yana Landan wurin ɗaukar fim, ya sanar da cewa ya ajiye. Shekarar da ta kuɓuce masa ma, 1962, wani fulbak ɗin ne ya karɓe, Jim Taylor na Green Bay Packers. Haka aka ci gaba har shekarun 1970: Larry Csonka ya ja Miami Dolphins suka gama kakar 1972 ba a doke su ko sau ɗaya ba, Franco Harris kuma ya ɗauki kofin Super Bowl huɗu da Pittsburgh Steelers.

Amma a ƙarƙashin wannan ɗaukaka abubuwa biyu suna cin gurbin. Na farko tsarin jeruwa ne. Tun shekarun 1960 jami'o'i, musamman ta Kudancin Kalifoniya a hannun John McKay, suka yayata tsarin da ake jera masu gudu biyu ɗaya bayan ɗaya a bayan kwatabak. Mai sauri ya koma can baya inda zai hango ɓaraka, fulbak ya dawo gabansa yana buɗe masa hanya. Na biyu doka ce. A 1978 NFL ta hana masu tsaro damƙar mai cafe ƙwallo da zarar ya wuce yadi biyar, ta kuma sassauta wa masu kare kwatabak su miƙa hannuwa. Masu gasar sun lura cewa jifa ce ke tara 'yan kallo a talabijin, kuma talabijin ce ke kawo kuɗi. Koci Bill Walsh ya karɓi San Francisco 49ers a 1979 ya gina hari a kan gajerun jifa. Koci Joe Gibbs a Washington ya cire mai gudu ɗaya ɗungurungum ya bar guda. A wannan yanayi Okoye ya iso.

An haife shi ran 16 ga Agusta 1961, saboda haka yana yaro ƙarami yaƙin basasa ya ci garinsu. Tamaula ya fara bugawa kamar kowane yaron Najeriya, daga baya girman jiki ya kai shi ga wasannin jifa: faifai, dalma da guduma. Abokinsa Innocent Egbunike, gwanin tseren nan da ya samo wa Najeriya tagulla a gudun ba-ni-in-ba-ka a 1984, shi ya riga shi zuwa Azusa Pacific, wata ƙaramar jami'ar Kirista kusa da Los Angeles, shi ya kuma yi masa hanya. Okoye ya isa a 1982 ba da niyyar komai ba sai karatu da jifan faifai, ya kuma lashe gasanni da dama na ƙananan jami'o'in Amurka. Burinsa gasar Olamfik ta 1984, wadda za a yi a Los Angeles, tafiyar ƙasa da awa guda daga makarantarsa. Da aka fitar da sunayen tawagar Najeriya, babu nasa.

Wannan takaici ne ya tura shi filin zari-ruga, wasan da shi da bakinsa ya sha faɗin cewa da farko bai ga abin sha'awa a cikinsa ba. Komai sai da aka koya masa daga tushe: yadda ake rungume ƙwallo, inda ake tsayawa, abin da lambobin da kwatabak ke kira suke nufi. A nan tsohon fasalin gurbin ya yi masa rana. Da kwatabak aka ce ya zama, ko mai cafe jifa, da shekara goma ba ta ishe shi ba, don waɗannan sai wanda ya tashi da su tun yarinta. Shi kuwa fulbak irin na Nagurski abu uku yake nema, nauyi da sauri da rashin tsoron karo, kuma Okoye ya zo da su cikakku. Tsayinsa mita 1.85, nauyinsa wajen kilo 115, amma yana cinye yadi 40 cikin daƙiƙa 4.45, saurin da ake nema wurin marasa jiki. Shekarun jifan faifai sun gina masa cinya da ƙugu. A zaɓen sababbin 'yan wasa na 1987 Chiefs suka ɗauke shi a zagaye na biyu, mutum na 35 a duk ƙasar, yana dab da cika shekara 26, shekarun da wasu masu gudu suke fara gajiya.

Kakarsa ta farko, wadda yajin aikin 'yan wasa ya gutsure, ya ci yadi 660. Ta biyu rauni ya hana shi sakat, ya tsaya a 473, ƙungiyar kuma wasa huɗu kacal ta ci. Sai aka kawo Marty Schottenheimer a 1989, kocin da ya yi imani da tsohon salo: a riƙe ƙwallo, a gajiyar da abokan karawa, a bar tsaro ya ƙarasa. Ya dubi abin da ke hannunsa ya yanke shawarar a riƙa ba Okoye, wajen sau 25 a kowane wasa. Wanda ya kalli faifan wasannin wannan shekara zai ga abu guda yana maimaituwa. Okoye na tsaye hannu a gwiwa, kafaɗunsa sun kumbura da manyan matasan kariya har sun kusa haɗiye masa wuya. A miƙa masa, ya yi taku uku, ya sunkuya. Na farko ya rungumo cinyarsa ya zame, na biyu ya ɗafe masa baya, shi kuwa ƙafafunsa ba su daina tuƙi ba sai mutum uku ko huɗu sun taru sun kayar da shi, kuma ko a faɗuwar gaba yake faɗawa. Zuwa zangon ƙarshe na wasa za ka ga masu tsaro sun fara kawo hannu maimakon ƙirji. A nan laƙabinsa na Nigerian Nightmare ya bazu, wato ɗan Najeriyar da ke hana masu tsaro barci.

Da yadi 10 kacal ya tsere wa Barry Sanders na Detroit Lions, sabon shiga a lokacin, wanda aka ba dama ya koma fili a wasan ƙarshe ya cike giɓin ya ce a bar shi. Sanders gajere ne mai zilliya, ba ya karo sai dole. Irinsa ne ƙungiyoyi suka koma nema, shi ne kuma ya zo na ɗaya a shekarar da ta biyo.

Akwai wani karo da ake yawan jingina faɗuwar Okoye da shi. Ran 17 ga Satumba 1990, a wasan daren Litinin a Denver, ya fasa layi ya fito fili, sai Steve Atwater, mai tsaron baya wanda Okoye ya fi nauyi nesa ba kusa ba, ya taho a guje ya gabza masa kafaɗa. Okoye ya koma da baya ya zube. An sa wa Atwater makirufo a daren, Amurka duka tana kallo, sai hoton ya zama abin nunawa shekara da shekaru, har ake cewa daga ranar Okoye bai ƙara zama shi ba. Ban yarda da wannan ba, alƙaluma ma ba su yarda ba. A 1991 ya ci yadi 1,031, aka sake zaɓensa cikin gwanayen shekara da ke buga Pro Bowl. Abin da ya cinye shi ba karo ɗaya ba ne. Sau 1,246 ya ɗauki ƙwallo a kaka shida, kuma kusan kowace ɗauka da karo ta ƙare, don salonsa ke nan, don shi aka ɗauke shi. Kafaɗa ta fara, gwiwoyi suka biyo. A 1992 sai a bakin layin ƙarshe aka fi sako shi, ya tsaya a yadi 448. Ya bar wasa da yadi 4,897 da tsallaka layi sau 40, wanda a lokacin ba ɗan Chiefs da ya taɓa tara yadi haka. A 2000 ƙungiyar ta sa shi cikin jerin gwarazanta.

Shekarar da ya tafi, 1993, ita ce mararrabar gurbin. Chiefs suka kawo kwatabak Joe Montana daga San Francisco da mai gudu Marcus Allen daga Raiders, suka rungumi salon Walsh. Fulbak ɗin da ya gaji wurin, Kimble Anders, an fi saninsa da cafe jifa. A wannan kakar ce kuma aka ware wa fulbak kujerarsa daban a Pro Bowl, don an ga in dai da yawan yadi za a auna shi, ba zai ƙara shiga ba. Daryl Johnston na Dallas Cowboys na cikin waɗanda suka fara hawanta. A kaka 11 sau 232 kawai ya ɗauki ƙwallo, bai kai abin da Okoye ya ɗauka a 1989 kaɗai ba. Aikinsa shi ne ya riga mai gudu Emmitt Smith shiga ɓaraka, ya haɗa kai da ƙaton da ke jira a ciki, Smith ya bi ta gefensa ya wuce. Smith ya gama da yadi 18,355, fiye da kowa a tarihi, Johnston ya gama da tiyata a wuya. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Smith dai bai yi butulci ba: ranar da aka shigar da shi zauren gwarazan wasan da ke Canton a 2010, ya sa Johnston ya miƙe cikin taro, ya gode masa yana hawaye.

Lorenzo Neal ya kai wannan sabon aiki maƙura. Kaka 16 ya buga, duk yadin da ya ci da kansa bai kai 1,000 ba, amma kaka 11 a jere, a ƙungiyoyi daban-daban, duk wanda ya biyo bayansa sai ya haura 1,000. Shi ne a gaban LaDainian Tomlinson a 2006 lokacin da ya tsallaka layi sau 31, abin da ba a taɓa yi ba. Ovie Mughelli, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya bi wannan sahu. A 2007 Atlanta Falcons suka ba shi kwantiragin dala miliyan 18 na shekara shida, mafi tsoka da aka taɓa ba fulbak zuwa lokacin. Mike Alstott na Tampa Bay kaɗai ya ɗan riƙe tsohon salon ɗauka da kutse, shi ma raba ƙwallon yake yi da wani.

Yau ƙungiyoyi sun fi son su saka masu cafe jifa uku, kuma tunda mutum 11 ne ba ƙari, fulbak ake cirewa. Da yawa daga cikin ƙungiyoyi 32 na NFL ba su da shi sam, jami'o'i ma sun rage horar da shi. Waɗanda suka rage sai da suka koyi sana'a fiye da ɗaya. Kyle Juszczyk, wanda ya yi karatu a Harvard, yana tarewa, yana cafewa, yana sauya wuri kafin a fara hari don ya rikita masu tsaro, shi ya sa 49ers suka ba shi dala miliyan 21 na shekara huɗu a 2017. Patrick Ricard kuwa daga layin tsaro Baltimore Ravens suka ɗauko shi, nauyinsa wajen kilo 135. Da matashi mai siffar Okoye zai sauka a Amurka yau, da wuya a miƙa masa ƙwallo. Layin tsaro za a tura shi ya farauci kwatabak, inda 'yan asalin Najeriya irin su Osi Umenyiora suka yi suna.

Zauren Canton cike yake da fulbak na zamanin ɗauka: Nevers, Nagurski, Motley, Brown, Taylor, Csonka, Harris. Na zamanin tarewa kuwa, har zuwa zaɓen 2025 ba a shigar da Johnston ko Neal ba, alhali waɗanda suka bi bayansu, Smith da Tomlinson, tuni suna ciki. Masu zaɓen yadi suke ƙirgawa, aikin waɗannan mutane kuma ba a rubuta shi da yadi. A ganina wannan rashin adalci ne, kuma Lorenzo Neal ya kamata a fara shigarwa.